Hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska a Langkawi da ƙananan yara: ga abin da muka tarar

Ga mai tambaya ko hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska a Langkawi ta dace da iyali mai ƙananan yara, amsata e ce, amma da sharaɗi ɗaya: ka san wanda zai tuƙa ku kafin ka biya ko sisi. Kamfanin da muka yi hulɗa da shi ba zan kama sunansa ba, don ina da ƙorafi a kan ofishinsu, kuma zan faɗe shi a nan. Matuƙin da suka haɗa mu da shi kuwa, shi da matar da ke mana girki, su ne suka sa har yau ban yi da-na-sanin kuɗin da muka kashe ba.

Mu mutanen Kano ne, muna zaune a Changlun, a jihar Kedah ta arewacin Malesiya, saboda Abban yara yana karatun digiri na uku a Universiti Utara Malaysia da ke Sintok. Duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san Langkawi a bakin ƙofa take. Daga Kuala Perlis jirgin fito yana kai mutum garin Kuah cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Yawancin 'yan'uwanmu ɗalibai sukan je, su hau motar igiya ta dutsen Machinchang, su ɗauki hoto a gaban ƙaton gunkin shahon da ke Dataran Lang, su sayo cakulan da kwanuka masu rahusa tunda tsibirin ba a biyan harajin kaya tun 1987, su dawo. Amma Langkawi ba tsibiri ɗaya ba ce, tsibirai 99 ne, kuma mafi yawansu babu hanyar kai musu sai ta ruwa. Wannan ne ya sa muka haɗa kuɗi da wasu maƙwabtanmu 'yan Katsina, mata da miji da 'yarsu mai shekara 9, muka ɗauki jirgi guda da matuƙinsa da mai girki, muka kwana a kan ruwa na 'yan kwanaki a watan Janairu. Namu yaran uku ne: babban yana da shekara 11, ta tsakiya 8, auta 4.

Da na gaya wa Hajiyarmu a waya, shiru ta yi, sannan ta ce, "Yanzu ke da hankalinki za ki kwashi jikokina ki kai su tsakiyar teku?" Ban ga laifinta ba. Duk ɗan Kano yana tuna abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen 2021, lokacin da kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari, mutum sama da 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. A wajenmu jirgin ruwa da yara abu ne da ake ambata da faɗuwar gaba. Na ce mata, "Hajiya, ki sa mana albarka, na yi miki alkawari ba wanda zai taka jirgin nan ba rigar ceto a jikinsa." Da wannan alkawarin na shiga, kuma da shi nake auna duk abin da na gani.

A kan rigar ceton ne ma ofishin kamfanin ya fara ba ni kunya. Tun wajen yin ciniki na aika musu shekarun kowane yaro da nauyinsa, suka amsa cewa komai yana nan a shirye. Da muka isa tashar jiragen, aka buɗe akwati, sai ga rigunan manya jibge, ta yara ƙwaya ɗaya tak, ita ma ba ta da igiyar da ke zagayowa ta tsakanin cinyoyi. Matuƙin, wani dattijo ɗan asalin tsibirin da yara suka riƙa kira Pakcik kamar yadda ake kiran kawu a can, ya ɗauki rigar ya sa wa auta, ya kama kafaɗunta ya ɗaga sama. Nan take rigar ta zame ta rufe wa yaron fuska. Bai yi wata doguwar magana ba, ya kira ofis ya ce ba zai kwance igiya ba sai an kawo riguna huɗu daidai jikin yaran. Muka yi zaman jira har bayan azahar, rabin yinin da muka biya ya tafi a banza, ofishin kuma bai ba mu haƙuri ba balle ya rage mana wani abu. Amma tun daga wannan lokacin hankalina ya kwanta da mutumin. Duk uwar da za ta yi irin wannan tafiya, ta yi wannan gwajin da hannunta: ki sa wa yaro rigar, ki ɗaure, ki ɗaga ta kafaɗa. In ta wuce kunnensa, ba tasa ba ce.

Jirgin irin wanda ake kira katamaran ne, wato mai gangar jiki biyu da aka haɗa da faffaɗan dandamali a tsakiya. Ina ba duk mai yara shawarar wannan, ba mai gangar jiki ɗaya ba, domin shi ba ya kwantawa gefe guda idan iska ta cika ƙyallensa. Kofin shayi yana zama a kan tebur, yaro yana iya tafiya daga falo zuwa ɗaki ba ya gangarawa. Ɗakunan kwana huɗu ne a ƙasa, biyu a kowane ɓari, kowanne da ɗan banɗakinsa, sai falo da kicin a sama, da wani wurin zama mai rumfa a baya inda muka fi yini. A gaba akwai raga mai ƙarfi da aka ɗaure tsakanin goshin jirgin biyu, ana kwanciya a kai ruwa yana gudu a ƙarƙashi. Yaran sun fi son nan fiye da ko'ina. Jirgin ba sabo ba ne. Katifu sun ɗan yi laushi, ɗaya daga cikin fankokin ɗakinmu ba ta aiki, kuma ragar da aka zagaye shingen gefe da ita don tare ƙananan yara ta yage a wuri guda, sai da Pakcik ya zauna ya ɗinke ta da igiya tun kafin mu tashi. Tsabta dai ba laifi, zanin gado wankakke, ba warin dizal a ɗaki.

Kafin a tayar da inji ya tara yaran, ba iyayen ba, ya durƙusa daidai tsayinsu ya yi musu bayani. Idan jirgi yana tafiya ba mai fita daga rumfar baya sai da riga a jiki da babba a kusa. Kullum hannu ɗaya yana riƙe da wani abu. Ba a sa yatsa kusa da ƙarfen da ke naɗe igiya. Idan wani ya faɗa ruwa, ba a binsa, sai dai a yi ihu a nuna shi da yatsa, kada a ɗauke ido daga kansa. Ya sa suka gwada da wani balan-balan na roba da ya jefa, har sai da ya ga sun iya. Mu manya kuma ya kafa mana doka guda da na ga hikimarta daga baya: a kowane lokaci a san mutum ɗaya da sunansa wanda idonsa ke kan auta, in zai tashi ya miƙa wa wani da baki. Ya ce yaro ya fi shiga haɗari lokacin da manya suka yi yawa, kowa yana zaton wani ne ke kallo. Gaskiya ce da kowace uwa ta sani daga gidan biki.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne yadda ya tsara yini a kan yaran, ba a kan taswira ba. Takardar da ofis ya ba mu cike take da wurare, kamar za a zagaye duniya. Shi kuwa ya ajiye ta gefe. Mukan tashi bayan karin kumallo, mu yi tafiyar awa biyu ko uku, kafin rana ta take mun saki anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, a wani lungu, yara su sauka ƙasa su gudu. Ya ce yaro ɗan shekara huɗu ba ruwansa da kyan tsibiri daga nesa, yashi yake so a ƙafarsa. A wannan lokaci na shekara iska daga arewa maso gabas take busowa, takan yi ƙarfi da safe ta lafa da yamma, don haka tafiyar safe ce ke ba da damar kashe inji a ɗaga ƙyalle. Mai tunanin zai yini yana tafiya da iska zalla ya rage buri, domin tsakanin tsibiran duwatsu kan tare ta, kuma kusan rabin tafiyarmu da inji aka yi. Amma lokacin da ya kashe injin karon farko a mashigin da ke kudu da Kuah, ƙyallen ya cika, jirgi ya ci gaba da tafiya ba ƙara sai ta ruwa, 'yata ta juyo ta ce, "Umma, wa yake tura mu?" Pakcik bai amsa mata da baki ba. Ya ɗaura ɗan zare a jikin wayar da ke riƙe da sandar jirgi ya ce ta riƙa gaya masa inda zaren ya nuna. Daga ranar aikinta ke nan. Babban ya koyi ɗaurin igiya kala-kala da karanta zurfin ruwa a allo, har aka bar shi ya riƙe sitiyari a inda babu cunkoso. Auta aka naɗa shi mai kirga jiragen masunta. Ba wanda ya tambayi waya ko kwamfutar hannu sai da dare, kuma wannan kaɗai a wajena ya biya wani kaso na kuɗin.

Jiri da tashin zuciya, wanda na fi tsoro, bai dame mu sosai ba. Ruwan cikin tsibiran a kwance yake. Maƙwabciyata ce kawai ta sha wahala ranar da muka zagaya ta gabashin babban tsibirin inda igiyar ruwa ta ɗan tashi. Mai girkin ta dafa mata citta, ta hana ta sauka ɗaki, ta ce ta zauna a waje ta kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Kafin la'asar ta warware.

Wurin da ya fi zama a ran yaran shi ne Dayang Bunting, tsibiri na biyu a girma. A tsakiyarsa akwai tafkin ruwan daɗi, wanda wani siririn dutse ne kawai ya raba shi da teku, an ce rufin wani ƙaton kogo ne ya rufta ya bar shi. Mutanen wurin suna da tatsuniyar cewa macen da ba ta haihuwa in ta yi wanka a ciki za ta samu rabo. Mu dai wanka muka je yi. Amfanin kwana a jirgi a nan ya fito fili: jiragen 'yan yawon buɗe ido masu gudu sukan fara sauke mutane da hantsi, mu kuwa da yake a kusa muka kwana, muna cikin na farko da suka hau matakalar. Birai sun cika hanyar, kuma sun san leda. Pakcik ya hana mu riƙe komai a hannu, ya ce kada yaro ya kalli biri ido cikin ido ko ya yi masa dariya haƙora a waje. A gabanmu wani biri ya fizge jakar wata baƙuwa. A tsibirin Singa Besar, da ke kusa, babu kowa a bakin yashin sai mu da wani ƙaton tsari da ya fito daga daji yana tafiyarsa a natse, da cilakowa masu manyan baki a saman itatuwa.

Kilim kuwa, a arewa maso gabas, wani abu ne daban. Ana shiga ta wata 'yar ƙofa tsakanin dogayen duwatsun farar ƙasa, sai ka tsinci kanka a cikin kogi mai kwanciya, itatuwan da ke tsiro a ruwan gishiri sun kewaye ko'ina da saiwoyinsu a waje. Yana cikin wuraren da suka sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya Langkawi a jerin wuraren tarihin ƙasa da duwatsu a 2007. Muka bar babban jirgin muka shiga ƙaramin kwale-kwalen roba mai inji, muka kutsa cikin ƙananan rassan kogin, muka ga kifin da ke tafiya a kan taɓo da ƙagwaye masu hannu ɗaya babba, muka shiga kogon jemagu. A nan na ga wani hali na matuƙin da ya ƙara masa daraja a idona. Jiragen yawon buɗe ido sukan watsa fatar kaza a ruwa don shirwa ja mai farin kai da gaggafar teku su sauko a ɗauki hoto. Babban ɗana ya roƙa a yi mana haka. Pakcik ya ƙi, ya ce abincin ba nasu ba ne, yana lalata su, yana kuma koya musu barin farauta. Ya kashe inji muka yi shiru a wani lungu, ba a jima ba wata gaggafa ta sauko da kanta ta ɗauke kifi. Yaron bai sake maganar fatar kaza ba.

Yanzu ƙorafina na biyu a kan ofis. Hotunan da suke talla da su na ruwa ne garai-garai, ana hango yashi da kifi a ƙasa. Ruwan Langkawi ba haka yake ba. Kore ne, mai ɗan duhu, saboda koguna da taɓon da ke kewaye, wani wurin in ka tsoma hannu zuwa kafaɗa da kyar za ka ga yatsunka. Ruwa mai haske irin na hoton sai an je Pulau Payar can kudu, ko a haye iyaka zuwa tsibiran Tailan irin su Lipe. Daga arewacin Langkawi ana hango tsibirin Tarutao na Tailan ƙiri-ƙiri, amma mai fasfo ɗin Najeriya ba ya shiga sai da biza, kuma jirgin ma sai an yi masa takardun fita. Da na tambayi Pakcik inda aka ɗauki hotunan, ya ce ba a wannan ɓangaren ba ne. Yarana sun zo da tabarau na kallon ƙarƙashin ruwa suna ɗoki, ba su ga abin kirki ba. Kyan Langkawi a duwatsu da daji da lungunan da ba kowa yake, kuma ya isa a yi talla da shi ba sai an ara na wasu ba.

Ruwan yana da wani abin da ya wajaba a sani, wato obor-obor, wata halittar teku fara shara-shara mai laushi da dogayen zare masu harbi. Yawancinsu zafi kawai suke sa wa, amma akwai nau'in da dafinsa ke iya kisa, kuma an taɓa samunsa a wannan yanki. Kafin kowa ya shiga ruwa Pakcik yakan zagaya da kwale-kwale ya duba, wuri biyu ya ce ba a shiga, ba a kuwa shiga ba duk da kukan auta. Yana ajiye da galan na ruwan khal a bakin matakala, don shi ake kwarara wa wurin harbin, ba ruwan daɗi ba, kuma ba a murzawa. A nan shigarmu ta Musulmi ta yi mana rana: rigar wanka mai dogon hannu da wando har idon sawu, wadda ni da 'yan matan muka sa, ita ce dai abin da masana ke ba kowa shawarar sawa. Mazan ma irinta muka saya musu. Tana kuma kare su daga rana, wadda a kan ruwa take ƙona har baƙar fata, musamman wuya da bayan kunne.

Maganar ibada ita ce aka fi yi mini tambaya a kai, kuma ita ce dalilin da ya sa na fifita Langkawi a kan wuraren da suka fi ta kyan ruwa. Pakcik da mai girkin, wadda muke kira Makcik, Musulmi ne, ba sai mun yi dogon bayani ba. A can alƙibla yamma take da ɗan karkata zuwa arewa, wajen digiri 291 a kamfas. Matsalar ita ce jirgin da ke kan anka ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana zagaya ankarsa ne kamar akuya a turke, duk inda iska ko ruwa ya juya shi. Za ka iya kabbara kana fuskantar alƙibla, kafin raka'a ta biyu ta koma kafaɗarka. Pakcik ya nuna wa mazan kamfas ɗin jirgi, ya kuma koya musu abin da ya fi sauƙi: kafin a tayar da salla a sami wani dutse ko tsibiri da ke daidai alƙibla a riƙe shi da ido, in jirgi ya juya a gyara tsayuwa. Da yake katamaran ne, a tsaye muka yi dukkan sallolinmu a dandamalin baya, in kuma muna kusa da yashi mu sauka mu yi jam'i a ƙasa. Alwala da ruwan teku muka riƙa yi, guga ɗaure da igiya. Abban yara ya karanta wa yaran hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, na mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna hawa teku da ruwa kaɗan, ko za su iya alwala da ruwan teku, aka amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Babban ya taɓa haddace shi a Islamiyya, amma sai a nan ya ga abin da ake nufi. Lokutan salla su ma sai an lura, domin a watan Janairu rana ba ta fitowa sai wajen bakwai da rabi, magariba kuma sai bayan bakwai. Ranar Juma'a, wadda hutu ce a Kedah, matuƙin da kansa ya tsara mu kwana kusa da gari, ya sauke mazan suka tafi masallaci tare.

Sai dai a faɗa wa ofis tun wuri game da giya. Langkawi wuri ne da giya ke da arha saboda rashin haraji, kuma jiragen haya sukan cika firji da ita a matsayin kyauta ga baƙi. Mun ce ba ma so, amma muka tarar da katan biyu a ciki, sai Makcik ce ta sa aka fitar kafin mu tashi. Game da sutura kuma, jirgi wuri ne ƙarami, akwai namiji baƙo a ciki dare da rana. Pakcik ya san ya kamata. Idan mata za mu shiga ruwa yakan koma gaban jirgi ya sami aikin yi, kuma bai taɓa sauka ɓarin ɗakunanmu ba sai ya yi sallama an amsa. Duk da haka hijabi a wuya muka yini kullum, ni da maƙwabciyata, ga zafi. Wadda ba za ta iya jure wannan ba ta sani tun yanzu.

Abinci ba abin da zan ce sai godiya. Makcik takan yi nasi lemak da safe, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da rana miyar kifi ko kaza, da dare gasasshen kifi da aka saya hannun masunta a kan ruwa. Da ta lura auta ba ya cin yaji irin nasu mai zaƙi-zaƙi, ta koma yi masa soyayyar shinkafa da ƙwai. Na tafi da yajin ƙuli da garin kunun gyaɗa, ta ba ni murhu ba tare da ɓata rai ba, har ta zauna ta koyi dama kunun. Abin da ya gaza shi ne 'ya'yan itace da burodi, waɗanda suka ƙare da wuri. Yara a kan ruwa cinsu yana ninkuwa, a sayi ƙari a Kuah kafin a tashi.

Dare ne ya fi wuya. Na'urar sanyaya ɗaki sai da janareto take aiki, shi kuma ofis ya ƙayyade masa awoyi, abin da ba su faɗa mana ba sai a cikin jirgi. Idan an kashe shi ɗakunan ƙasa sukan ɗau zafi, in an buɗe tagar sama kuma a wuri irin Kilim sauro ya shigo. Daga baya muka gane cewa kwana a inda iska ke ratsawa, nesa kaɗan da daji, ya fi, kuma Pakcik ya riƙa zaɓar mana irin wuraren. Ba ya tafiya da dare ko kaɗan saboda tarun masunta da tarkunan kifi da ke warwatse. Yaran sukan kwanta a ragar gaba bayan isha'i suna kirga korayen fitilun masu kamun sotong, wata halittar teku mai hannaye da yawa da ake ci, a nesa, har barci ya ɗauke su a kwashe su. Na sha farkawa cikin dare na ji takunsa a sama yana duba ko anka ta ja, domin ruwan wurin yana cika ya janye da sama da mita 2, inda ka tsaya da zurfi da yamma yana iya zama tudu da asuba.

Ruwan daɗi a tanki yake, ana auna shi. Wanka sau ɗaya a yini, a jiƙa jiki, a rufe famfo, a sa sabulu, a ɗauraye. Banɗakin jirgi kuma ba ya karɓar komai, ko takarda, in ya toshe kowa ya shiga uku. Mu da muka saba da buta ba mu sha wahala ba, sai dai auta da sai an raka shi kowane lokaci don famfon ya fi ƙarfinsa.

Kada wata uwa ta ɗauka hutu za ta je yi in tana da ɗan ƙasa da shekara biyar. Manyan yaran sun sami 'yanci da aikin yi, sun dawo da abin da za su daɗe suna faɗa. Ni kuwa rabin hankalina kullum yana kan auta, ko da ba ni ce mai tsaronsa a lokacin ba, kuma ba ƙofar da zan rufe in ce na huta. Faɗan yara ma a wuri ƙarami ya fi ƙara. Abin da ya taimaka shi ne zuwa da wani iyalin, domin manya huɗu suna karɓa-karɓa, 'yan matan biyu kuma suka shaƙu. Da a ce auta bai kai shekara uku ba, da ban je ba, kuma ba zan ba kowa shawarar zuwa da mai rarrafe ko mai tatata ba.

Kuɗi kam ba kaɗan ba ne. Abin da muka biya na kwana ɗaya, kafin a raba biyu, ya fi hayar gidanmu ta wata guda a Changlun nesa ba kusa ba, kuma sai da muka daɗe muna tari. Farashin ya haɗa da matuƙi da mai girki da abinci, amma man inji da kuɗin shiga wuraren da ake karewa da kuɗin kwana a tasha irin ta Telaga ko Rebak daban ne, a nemi a rubuta kowanne a takarda. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin rani da ruwa ke kwance, shi ne kuma lokacin tsada, musamman ƙarshen Disamba da hutun sabuwar shekarar Sinawa. Satumba da Oktoba ruwan sama ya fi yawa, ana samun rahusa, amma ban ga dalilin kai yara a lokacin ba. Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai hayar yini ɗaya, sai dai a tambaya da kyau, don yawancin jiragen yawon faɗuwar rana na haɗaka ne da kiɗa da giya.

Idan za ku yi ciniki, ku nemi a haɗa ku da matuƙin a waya kafin ku biya kafin alƙalami. Ku tambaye shi ko ya taɓa ɗaukar yara masu shekarun naku, awa nawa yake tafiya a yini, me yake ajiye da shi saboda obor-obor, kuma a turo muku hoton rigunan ceton yaran a cikin jirgin da za ku hau, ba na talla ba. Ku sa a rubuta sunan matuƙin a takardar yarjejeniya, domin kamfanonin sukan sauya mutum a ranar tafiya. Ladan da ake ba ma'aikata a ƙarshe kuma ku miƙa musu hannu da hannu, kada ku bi ta ofis.